Keken da Ya Fitar da Mu daga Gyadi-Gyadi

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, musamman ke Amina mai bakin tambaya, me ya sa muka bar gidan gado na Gyadi-Gyadi muka koma haya a Tarauni, alhali ɗakunanmu suna nan a rufe ba wanda ya shiga. Kun ji amsoshi iri-iri a bakin dangi. Wasu sun ce mahaifiyarku ce ba ta jituwa da kakarku, wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, Hajara ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Wasu sun ce na zaɓi fursuna na bar uwata. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an yanke wa maganar kai da ƙafa. To yanzu da gwiwa ta hana ni yawo, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in faɗa muku da kaina, kada in mutu a bar ku da labarin 'yan zaman makoki.

Gidanmu gidan ɗinki ne. Babanmu tela ne, keken ɗinkin da ya bari kuwa, baƙin keke mai takawa da ƙafa, ya girme ni. Mu uku ya koya wa. Yaya Sule bai daɗe ba ya gudu kasuwa, don shi ko zare zai sa wa allura sai ya ja tsaki sau uku. Ni na iya daidai gwargwado, amma kaki ya ja ni na shiga aikin gandiroba, da suka gane na san almakashi sai suka damƙa min ɗakin koya wa fursunoni ɗinki. Wanda ya gaji hannun Baba na gaskiya shi ne autanmu, baffanku Nasiru. Mutum zai shigo soro, Nasiru ya dube shi sama da ƙasa, ya yanka masa riga ba tare da ya ɗora masa tef ba, kuma ta zauna ɗas. Manyan cikinku ma da ƙyar za su tuna shi da wannan hannun.

A shekarun wahalar mai na mulkin soja, lokacin da layin motoci da babura ke miƙewa a titin Zariya har mutum ya manta gidan man da ya dosa, Nasiru ya je layi da ɗan babur ɗinsa. Ya wuni a rana, ya kusa kaiwa gaba, sai ga wani matashi ɗan bumburutu daga Unguwa Uku, Isuhu, ya kutsa gabansa da jarkoki. Baffanku kun san shi da baki. Ya faɗa, aka faɗa masa, aka cakumi juna, Isuhu ya zaro wuƙa. Nasiru ya kare fuskarsa da hannun dama, wuƙar ta sauka a kan jijiyoyin. Likitoci sun yi iya yinsu, amma yatsun suka lanƙwashe suka koma cikin tafi, ba su ƙara miƙewa ba. Tun daga ranar Inna ta lulluɓe keken da tsohon zanenta a soro, kullum da safe ta kakkaɓe masa ƙura. Ɗinkin kayanta kuma ya dawo hannuna.

Kotu ta yanke wa Isuhu shekaru masu kauri, kuma cikin ikon Allah gidan yarin da nake aiki aka kawo shi. Shugabana a lokacin Oga Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, wanda kuka sani maƙwabcinmu, mai ɗakinsa ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti mu aika musu da naman layya. Na same shi a ofis na ce a raba ni da yaron nan, don ban amince da zuciyata ba.

"Garba," ya ce, "wa ya ɗaure shi, kai ko gwamnati?"

"Gwamnati, Oga."

"To amanar gwamnati ce a hannunka. Ɗakin ɗinki zan tura shi ma. In ka taɓa shi, ni zan fara rubuta ka, ko da a kwano ɗaya muke ci."

Na fita ina ƙunƙuni, har na yi mako ban gaishe shi a unguwa ba.

Kafin wannan an taɓa tura mu kwas a Kaduna. Wani malami mai siririn gilashi ya rubuta mana a allo dalilan da suka sa ake hukunta mai laifi. Ya ce ana yi don a saka masa daidai da abin da ya aikata, ana yi don masu niyya su gani su ji tsoro, ana yi don a killace mugu jama'a su huta, ana kuma yi don a gyara shi ya fito mutum. Muka kwafa, muka haddace, muka ci jarrabawa. Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, to in dalilan nan suka saɓa da juna fa, wanne za a bi? Malamin ya duba agogonsa ya ce lokacin abinci ya yi. Muka yi dariya muka tashi, ban ƙara tunawa da zancen ba sai da Isuhu ya zauna a gabana, ya san ko ni wane ne tun daga kotu.

Ban taɓa dukansa ba, ban taɓa sa a rage masa gabza, abincin fursuna, ba, amma kuma ban taɓa sakar masa fuska ba. Abin haushin shi ne yaron yana da hannu. Ranar da ya fara ɗora wuyan riga ya zauna ba karkata ba tattarewa, sai da na fita bayan ɗaki na tsaya. Ga sana'ar da ya ƙwace wa ƙanena, ga ni ina zuba masa ita da hannuna, gwamnati kuma tana biyana a kan hakan. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali, kansa a ƙasa, ya ce:

"Oga, yaya hannun Malam?"

"Taka kekenka," na ce masa. Bai ƙara ba.

Sai shekarar da soja suka koma bariki ta zo. Gari ya cika da fastocin 'yan siyasa, a teburin mai shayi mutane suna zagin wanda suka ga dama ba tare da sun waiga ba. Sabbin masu mulki suka turo kwamiti, manyan riguna da tulin takardu, suna zagaya gidajen yari don rage cunkoso. Duk wanda ya ci mafi yawan wa'adinsa kuma ba a same shi da fitina ba, aka yi masa afuwa. Isuhu yana ciki. Aka tambaye ni halinsa, na faɗi abin da na gani, don ban saba ƙarya a bakin aiki ba. Na ɗauka shi ke nan na rabu da shi. Ba a jima ba na dawo daga aiki na hango shi tsugune a ƙofar gidan Oga Bitrus, ya rame fiye da lokacin da yake cin gabza. Kawunsa na Unguwa Uku ya ce ba shi da wurin ajiye shi. Duk telan da ya je wa sai ya yaba ɗinkin, ya tambayi inda ya koya, da ya ji sai ya ce shagon ya cika. Tsoffin abokansa ne kaɗai suka yi masa maraba, sun ma ajiye masa jarka.

"Mun koya masa ɗinki mun sake shi ba keke," in ji Oga Bitrus. "In ya koma jarka, kafin damina ta zagayo zai dawo mana. Kuma wannan karon ban san abin da zai sara ba."

Bai ce in yi komai ba. Amma shi ma ya san abin da ke lulluɓe a soronmu.

A gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kowa a tsakar gida yake cin abinci. Nasiru ne kawai ke jan kwanonsa gefe ya juya mana baya, don tun da abin ya faru da hagu yake ci, kuma bai yarda a gani ba. A nan na kawo maganar, na ce ina so a ara wa yaron nan keken Baba ya nemi abinci. Yaya Sule ne ya fara ajiye cokali.

"Madalla! Wato yaran unguwa su gani su koya. Ka sari mutum, gwamnati ta ciyar da kai, ta koya maka sana'a, dangin wanda ka sara su ba ka jari. Gobe ai kowa sai ya wasa wuƙarsa. Garba, kakin nan ya taɓa maka kai ne?"

Mahaifiyarku ba ta saba sa baki a gaban Inna ba, amma ranar ta yi, a hankali.

"Malam, ni dai yaran nan nake ji. Da yake can ciki hankalina a kwance yake. Yanzu kuma har gida za a nuna masa?"

Inna ta bari suka gama. Ta wanke hannu, ta goge da gefen zane, sannan ta dube ni.

"An ce min an hukunta shi. To na ji ya fito da yatsunsa goma, yana motsa su. Na Auta fa? Ni ban yi boko ba, Garba, amma matar tela ce ni, na san awo. Abin da aka yanka da abin da aka biya ba su zo daidai ba."

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga allon malamin Kaduna nan a tsakar gidanmu, ya naɗe ƙafa yana cin dambu, kowane layi da bakinsa, ni kuma an bar ni da na ƙarshe, ga shi ba agogon da zan duba in ce lokaci ya yi. Kuma gaskiya ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai muka ji muryar Nasiru, bai ko juyo ba.

"Duk kun gama? Ni ba wanda ya tambaye ni. A kotu ma ba a tambaye ni ba, cewa kawai aka yi in ɗaga hannun alƙali ya gani. Shekarun da yaron ya yi a ciki kakin su Yaya Garba ya ɗinka, gwamnati ta mora. Ni me ya shigo min?"

Sai ya juyo, ya ɗora hannun a gwiwa inda kowa zai gani.

"A kawo shi. Ba yafe masa na yi ba, kada wani ya fita ya ce na yafe. Idona yana nan, awo yana nan a kaina. Hannu ne babu, kuma a wurinsa yake. Ya zo ya yi min aiki da shi."

Wannan dalilin ba ya cikin waɗanda aka rubuta mana a allo. Inna kuwa, kun san uwa da auta, ba ta taɓa ganin laifin Nasiru ba. Kaina ta juyo.

"Kai ka kitsa wannan. To ka ji da kyau. Keken nan ba zai yi kuka a gidan nan da ƙafar wancan yaron ba. Wanda ya fitar da shi ya bi shi. Kuma ku zama shaida, hannunsa da hannun wanda ya ɗaukar masa keken, kada ɗayansu ya ƙara taɓa tufar da za a sa a jikina, ina tsaye ko ina kwance."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yi min baki ba, ina so ku riƙe wannan. Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da ya rinjaye ni shi ne Nasiru. Shekaru yana zaune a dakalin ƙofar gida daga hantsi zuwa magariba, yana tsokanar masu wucewa don kada a ga yana ruɓewa, ga mata ga 'ya'ya, komai sai an miƙo masa. Ranar Juma'ar nan ce na fara ganin idonsa ya dawo irin na da. Sannan akwai nawa son ran: na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa mutane gyaran hali muke yi a gidan yari, ina so in gani ko sau ɗaya ko gaskiya muke faɗa. Wata Asabar da safe na kira mai amalanke, na ninke zanen Inna na ajiye mata a kan dakali, na fitar da keken. Na kama shago kusa da kasuwar Tarauni, da ɗaki biyu a bayansa, muka kwashe ku muka tafi. Mahaifiyarku ta yi kuka a hanya.

Yadda suke aiki abin kallo ne. Nasiru ya dubi mai ɗinki, ya shimfiɗa yadi, ya danne da gurgun hannun, ya zana da alli da hagu. Isuhu ya yanka ya ɗinka. In layi ya karkace ko da ƙwayar gero, Nasiru ya ce a farke, a farke ɗin kuwa, ko da mai riga yana tsaye. Bai taɓa kiransa da suna ba a shekarar farko, sai dai "kai". Isuhu kuma "Maigida" yake ce masa, har yau. Yadda suke raba abin da aka samu ban taɓa tambaya ba, na dai ga Nasiru ya fara cefanen gidansa da kansa. Mahaifiyarku da ta ce kada yaron ya tako mata ƙofa, ita ce daga baya take zuba masa abinci ya fi nawa nama. Kada ku ɗauka ina cewa kowane fursuna Isuhu ne. Na koya wa wasu da suka sayar da almakashin ranar da suka fita, suka dawo min kafin in manta fuskarsu, kuma duk wanda ya dawo sai Yaya Sule ya ji labari ya zo ya yi min barka. Wuƙa ba ta ƙaru a unguwa saboda abin da muka yi ba, ba ta kuma ragu ba.

Inna fa ba ta sauko ba. Kullum kan hanyar aiki sai na biya Gyadi-Gyadi na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta tambayi iyali, irin amsar da ake yi wa maƙwabcin kirki. Ku tana jan ku a jiki, ta ɓoye muku alewa a ƙarƙashin filo. Sallar farko na ɗinka mata kaya da hannuna na aika, suka dawo a ninke yadda suka tafi. Wannan ya ƙona min rai ƙwarai, har yau in na tuna ina jin zafinsa. Da ciwon ajali ya kwantar da ita bayan wasu shekaru, ta yarda in ɗaga ta in kwantar, ta sha kunun da mahaifiyarku ta dama, har ta riƙe hannuna ta sa min albarka. Na ce a raina an wuce wurin. Na kawo mata sabuwar riga mai laushi don zafi. Ta shafa ta, ta duba bakin ɗinkin.

"Wa ya ɗinka?"

"Ni ne, Inna."

"Ya yi kyau," ta ce. Ta tura ta gefe.

Da hantsi ta cika. Aka sayo farin yadi, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maza suka zauna. Kun san yadda ake yi, in da tela a gida ba a kai likkafani waje. Ga telolin gida har biyu, ni da Isuhu, wanda ya rufe shago ya zo ya tsaya can jikin katanga, don bai taɓa taka dakalin gidan ba. Mutane suna gaggawa, rana tana yi. Wani ya ce a ba Isuhu ya zura a keke yanzun nan. Yaya Sule ya girgiza kai. Liman, da ya san zancen, ya dube ni.

"Malam Garba, maganar ɓacin rai ce, ba wasiyyar da ta hau kanku ba. Karɓi ka ɗinka wa mahaifiyarka."

Wallahi hannuna har ya miƙa. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in yi mata wannan aikin na ƙarshe. Amma na tuna yadda ta shafa rigar nan ta tura ta gefe, da hankalinta, ba cikin fushi ba. Ta yanke hukuncinta, ta san abin da ta yanke, ba ta kuma janye ba. Ni da na yi rayuwata ina tsare mutane a kan hukuncin da wasu suka yanke, ba zan tsallake nata don ba ta da bakin hana ni ba. Na ce Malam a yi min haƙuri, na ja da baya.

Nasiru ne ya jawo yadin gabansa. Ya soke allura tsakanin lanƙwasassun yatsun nan, ya yi ta fama da zare da hagu har ya shiga. Rabonsa da allura tun ranar layin mai. Ɗinkin likkafani ba ya son gwaninta, tsallake-tsallake ne, amma shi kowane tsallake sai ya ciji leɓe. Ba wanda ya ƙara cewa a yi sauri. Na koma jikin katanga kusa da Isuhu. Sai na lura ya mayar da hannayensa baya ya riƙe, yadda fursunoni ke tsayawa in ana ƙirga su, hawaye yana bin gemunsa. Na duba kaina, ashe ni ma haka na tsaya. Yana kallon allurar tana karkacewa, bakinsa yana motsi, ba damar ya gyara.

"Oga," ya ce ƙasa-ƙasa, "wannan wa'adin yaushe zai ƙare?"

"Ban sani ba, Isuhu. Tare aka yanke mana."

Sai bayan azahar aka kai ta. Da layin ɗinkin a karkace aka sa ta, kuma wannan karon Nasiru bai ce a farke ba.

To kun ji abin da ya fitar da mu daga Gyadi-Gyadi. Ban ce muku Inna ta yi kuskure ba, kada in ji wani cikinku ya faɗa. Awonta daidai ne, yatsu goma ba su taɓa zama daidai da biyar ba. Ni ma ban yi nadama ba, na dai biya, kuma da tsada. Kwanaki na tambayi baffanku ko zuwa yanzu ya yafe, ya ce in bar shi ya ji da aikin Sallah, Isuhu ya ɓata masa aljihu biyu. Su ne dai har yau a shagon, duk sun yi furfura, ɗaya yana zane ɗaya yana yanka, kuma Baba Isuhu da kuke kira shi ne ya ɗinka wa kowannenku kayan makaranta. Saura magana ɗaya, ku rubuta ta inda ba za ku manta ba. In tawa ta zo, kada ku tsaya neman tela, kada kuma ku bari a yi gardama a ƙofar gida. Ku kai yadin shagon Tarauni. Nasiru ya auna, Isuhu ya ɗinka, a kan keken Baba.